Jirgin Bulon Roba na Malam Jibrin

Malam Jibrin ya yi shekara talatin da ɗaya yana gyaran injin jirgin ruwa a bakin gulbi a Yelwa, kuma ba a taɓa jin ya ce wani inji ya mutu ba. Sai dai ya ce ya gaji. Ko wanda ya kwana uku a ƙarƙashin ruwa aka kawo masa, zai kwance shi a kan buhu, ya wanke da kananzir, ya shanya, ya mayar da kowane noti mazauninsa, sannan ya ja igiya. In ya tashi, shi ke nan. In bai tashi ba, ya sake kwancewa. Da bayansa ya fara ciwo, likita ya hana shi ɗaga abu mai nauyi, sai ya bar wa ƙanensa Isa rumfar, ya koma gida da hannuwa biyu waɗanda ba su san zama ba.

Watanni biyun farko gidan ya ji jiki. Ya kwance fanka, ya kwance agogon bango, ya kwance keken ɗinkin matarsa Halimatu wanda lafiyarsa lau. Da ya fara zagaya injin markaɗen maƙwabta yana saurarensa da kunne ɗaya, Halimatu ta ba shi kwando ta ce ya je kasuwa ya sayo albasa, kuma kada ya yi sauri.

A can ne, wajen wani mai gwanjon kayan wasan yara, ya ga wata leda cike da 'yan bulon roba, ja da shuɗi da rawaya, masu 'yan ƙuraje a baya, waɗanda in ka danna ɗaya kan ɗaya sai su kama juna. Da ya wuce. Amma a cikinsu ya hango wata 'yar giya mai launin toka. Ya ɗauko, ya ƙirga haƙoranta da farce, ashirin da huɗu, babu wanda ya fi wani. Ya tono wata ƙarama mai takwas, ya haɗa su, ya juya. Suka juya. Ranar albasa ba ta zo gida ba.

Cikin shekara huɗu, yana bin masu gwanjo duk ran kasuwa, ya tara abin da ya cika bokitin fenti guda. Babu takardar da ke nuna yadda ake haɗawa, kuma da akwai ma ba zai duba ba. Yakan zauna a inuwar darbejiya bayan sallar walaha, da faranti a cinya, ya yi ta dannawa. Ya yi tifa mai zubar da yashi. Ya yi tarakta mai sitiyari, ka murɗa tayoyin gaba su bi. Ya yi motar ɗaga kaya wadda ta ɗaga kofin shayinsa daga ƙasa zuwa kan benci, kodayake shayin ya huce kafin ya iso. Yana tayar da su da ɗan injin da ya ciro daga tsohuwar rediyo mai kaset, da batirin tocila guda biyu.

Ƙa'idarsa ɗaya ce. Duk abin da ya gina, kwana bakwai yake yi a duniya, sai ya kwance shi ya mayar cikin bokiti ya fara wani. Ba ya yanka bulo, ba ya sa gam. Bokitin nan shi ne tifarsa, shi ne taraktarsa, shi ne duk motar da bai riga ya yi tunaninta ba.

Mai zuwa kallo a kai a kai shi ne Yohanna, kafintan jirgi, mutumin wajen Warra, wanda rumfarsa ta yi shekara da shekaru kusa da ta Jibrin. Yohanna ya haɗa jirgi, Jibrin ya ɗora masa inji, in ya ba da matsala kowa ya ce laifin ɗayan ne. Duk Lahadi in ya taso coci sai ya biyo, ya zauna, ya ci abin da Halimatu ta dafa, ya kushe abin da Jibrin ya gina. A 'yan shekarun nan idonsa ya yi yana, don haka kushen da hannu yake yinsa, yana shafawa.

Wata Lahadi ya shafa wata tanka mai taya goma, ya ajiye.

“Injiniya, kai dai ba ka da kunya. Ruwa ya ciyar da kai shekara talatin, amma duk abin da kake yi mai taya ne.”

“Kafinta, jirgi ai akwati ne. Mi ke da wuya ga akwati?”

“To yi akwatin mu gani. Amma ka hanzarta, don yaran sun ce in an gama girbi in koma gida. Sun ce na fara buga ƙusa ga yatsana fiye da ga katako.”

Da yamma Jibrin ya kwance tankar tun kwananta bakwai bai cika ba.

Jirgin da ya sa a gaba shi ne na ƙarshe da suka yi tare, wani babban jirgin kasuwa mai ɗaukar albasa da busasshen kifi da mutane da awakinsu. Ya yi niyyar in ya tafi a kan ruwa, Yohanna ya ji shi yana tafiya kafin ya bar Yelwa. Aikin ya ci mako uku, ya kuma cinye kusan duk bokitin. Tsawonsa ya fi kamu biyu. Yana da rumfa da bencina, da farfela a baya wadda giya uku ke juyawa. Launinsa kuwa ba a magana: gindi ja, ciki shuɗi, hanci rawaya, don abin da ke akwai ke nan.

Ranar gwaji aka ari babban daron wankin Halimatu aka cika da ruwa. Jibrin ya sa batir, farfela ta juya, jirgi ya yi gaba kamar taki ɗaya. Daga nan ya fara zama a hankali, cikin natsuwa, har ruwa ya rufe bencina. Jibrin ya yi wuf ya ciro injin.

Yohanna ya tsoma hannu ya shafa, bai ko damu ba.

“Wanga ba komi ba ne. Wane sabon jirgi ne ba ya yoyo? Ka cire inji, ka danne shi da dutse cikin ruwa kwana uku. In ya sha ya ƙoshi zai kumbura, duk kafofin su rufe bakinsu.”

Jibrin ya gyaɗa kai. Haka ake yi. Ya ga an yi wa jirage fiye da ɗari haka a bakin gulbi, a nutsar da su sababbi, a tsamo su sun matse kamar ƙwarya. Bai ga dalilin da wannan zai fita daban ba.

Halimatu tana tsinke zogale a gefe. Ta ce, “Baba Yohanna, bokitina na roba shekara goma yana cikin ruwa. Ban ga ya ƙara ƙiba ba.”

“Maman Nafisa, bokiti daban, jirgi daban,” in ji Yohanna.

“Bokiti ba ya da haɗi,” Jibrin ya ƙara mata bayani.

Ta dube su su biyu, ta ci gaba da zogalenta.

Aka danne jirgi da dutsen niƙa. Kullum da safe Jibrin sai ya tsuguna, da bayansa mai ciwo, ya leƙa ya ga ko ya kumbura. A rana ta biyu ma ya ce yana ganin alama. Kwana uku suka cika, aka tsamo, aka tsiyaye, aka ɗora a ruwa. Ya nutse yadda ya nutse da farko. Yohanna ya ce wani katakon yana da taurin kai, a ba shi bakwai. Aka ba shi bakwai. Halimatu ta koma wanki a bahon wanka, tana yi tana magana da kaji. Abin da jirgin ya samu a kwana goman nan shi ne gansakuka da 'ya'yan sauro.

“To,” in ji Yohanna, bayan nutsewa ta uku. “Robar Turawa ba ta shan ruwa. Saura abu guda. Auduga da kwalta.”

Jibrin ya san kwalta. Ya ɗauki bulo biyu ya gwada a kansu, da ta bushe ya ja, ya murɗa, ya sa haƙori, suka ƙi rabuwa. Ya jiƙa su a kananzir, robar ta yi fari ta tsage. Lissafin a fili yake: in aka shafa wa jirgin nan kwalta zai tafi a kan ruwa, amma bulon da ke jikinsa sun tafi ke nan. Tarin shekara huɗu. Ba sauran tifa, ba sauran tarakta, sai abin da ya rage a gindin bokiti. Ga shi mai gwanjon ya ce irin dilar nan ta daina zuwa sosai.

Ya nemi hanyar kaucewa. Ya ɗiga kyandir a kafofin, ya bushe ya ɓare. Ya cusa sabulu, daro ya cika da kumfa. Daga ƙarshe ya naɗe gindin jirgin da leda ya ɗaure da roba, kuma ya yi iyo sarai. Da Lahadi ya miƙa wa Yohanna cikin fara'a.

Yohanna ya shafa, ya ji ledar tana ƙara.

“Mi ne wanga? Jirgi ka yi ko jariri, da za ka ɗaura mashi kunzugu?”

Halimatu ta shige ɗaki da dariyarta. Shi kuwa Yohanna, da ya ji abokinsa bai rama ba, sai ya sassauta murya.

“Bar shi, Jibrin. Na shafa shi, na san shi ne. Har inda munka yi kuskure ga hancin ka yi. Kwance abinka ka yi motocinka. Ran Laraba zan bi jirgin safe.”

Sunansa da ya kira, ba Injiniya ba, shi ya fi damun Jibrin.

Ranar Litinin da hantsi ya cire ledar, ya naɗe jirgin a buhu, ya hau mashin zuwa bakin gulbi. Yohanna na zaune a rumfarsa, an kwashe kusan komai, saura benci da gwangwanin kwalta.

“Kafinta, hura wuta.”

“Ka tabbata? In na taɓa shi ba ya komawa bokiti.”

“Na ce hura wuta. Kuma ka bari ta huce kaɗan, kada ka narkar min da shi. Na san aikinka.”

Yohanna ya yi aikin da tsinken tsintsiya da gashin kaza. Yana bin kowane haɗi da ɗan yatsa, ya cusa zaren auduga, ya bi da kwalta. Bai buƙaci ido ba. Jibrin na riƙe da jirgin yana juya masa, yana kallon ja da shuɗi suna komawa baƙi layi bayan layi. Da aka zo kan wani dogon bulo rawaya, wanda shi ne ƙashin bayan duk motar da ya taɓa yi, sai ya kau da kai ya tambayi Isa, da ya leƙo daga rumfarsa, ko an gyara injin da aka kawo jiya.

Aka bar shi ya kwana ya bushe. Ran Talata bayan la'asar suka sauka inda ruwa bai kai gwiwa ba, nesa da masu lodin albasa. Jibrin ya mayar da inji, ya sa sabon batir, ya ɗaura zare a baya don kada abin ya kama hanyar Kainji. Ya ajiye shi a kan ruwa, ya saki.

“Yaya?” in ji Yohanna.

“Shina tafiya.”

“Ruwa fa?”

“Ko ɗigo.”

“Ya karkata?”

“Kaɗan, hagu.”

“Injinka ne.”

“Kwaltarka ce ta yi yawa a gefe ɗaya.”

Yohanna ya naɗe wando ya shiga ruwa, ya sunkuya ya buɗe tafin hannunsa. Jibrin ya jawo zare ya saita hancin jirgin, ya sake saki. Ya tafi yana 'yar ƙararsa har ya dungure tafin, ya ci gaba da turawa. Yohanna ya daɗe a haka bai janye hannun ba. Sannan ya ce a sake. Aka sake sau shida, har batir ya fara ja da baya.

Da safe Yohanna ya hau jirgin Warra da abin a cinyarsa cikin buhu, ya hana a ɗora shi kan kaya.

Jibrin ya koma gida ya juye bokiti a faranti. Tayoyi goma sha takwas, giya 'yan kaɗan, tagogi, da bulon da bai fi cikin hannu biyu ba. Ya daɗe yana jujjuya su. A makon nan ya yi amalanke. Mako na gaba ma amalanke, amma mai birki. Har yanzu yana zuwa wajen masu gwanjo duk ran kasuwa, wani lokaci ya dawo da guda biyar, sau da yawa ya dawo da albasa kawai.

Bayan mako uku Yohanna ya bugo waya. Ya ce jikokinsa sun taru sun yi ta jan jirgin don su ga cikinsa, sun kasa, ya ce musu su daina wahalar da kansu, shi ya liƙe shi. Ya ce amma ƙarar ta canza.

“Kunna shi,” in ji Jibrin. “Kawo wayar kusa da farfela.”

Ya toshe ɗaya kunnen da yatsa, ya saurara.

“Giyar tsakiya ce. Ɗigo ɗaya na man keke. Ɗaya na ce, Kafinta, ba irin hannunka na kwalta ba.”