Shekarar da Muka Harbi Sama

Bayan na dawo daga yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, inda na koyi aikin wayar iska, wani Bature ya ɗauke ni aiki a bakin dajin Birnin Gwari, ta hanyar Kuyello. Muka kafa dogayen turaku biyu, muka ɗaura waya a tsakaninsu, ga inji a cikin tanti. Ya ce can sama da gajimare akwai wani rufi da ido ba ya gani, shi ke mayar da muryar rediyo ƙasa. Aikina shi ne kowace awa in danna maɓalli ƙara ta tafi sama, in rubuta lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo. Da haka masu aika saƙo Ikko ke sanin zangon da za su kama.

Ni kuwa da rawar kai, har a kasuwa nake cewa, "Mu ne masu harbin sama." Bakina ne ya jawo mini.

Dawa ta kai gwiwa, sai ruwa ya ɗauke. Hadari ya haɗu a gabas, ya zo saitin turakunmu, ya watse. Sau biyu aka fita roƙon ruwa, a na biyun babu wanda ya yarda ya tsaya kusa da ni a sahu. Mata suka daina sayen daddawar mahaifiyata. Na yi bayani har na gaji, cewa ƙara ce kawai, ba ruwanta da hadari. Baturen ya yi dariya, ya tafi Kaduna ya bar ni da inji.

Ranar Alhamis kawuna ya same ni a tanti, ko zama bai yi ba.

"Ɗana, gobe bayan Juma'a samari za su zo da gatura, kuma ba turakun kaɗai suke nufi ba. Tsakaninka da Allah, ka tabbata ba ku ba ne?"

Sai na ga ni kaina ban tabbata ba. Duk abin da na sani Bature ne ya faɗa mini, shi ma bai taɓa ganin rufin ba. Ko a fagen yaƙi ban ji tsoro irin na ranar ba.

Washegari da safe na zare wayar daga inji. Ana idar da salla iska ta taso. Samarin suna kan hanya ruwa ya tsuge, suka iso jagab, suka fake a tantina da gaturansu, muna kallon juna.

Da Baturen ya dawo ya ga giɓi a takarda, na ce gara ce ta ci waya. Muka ci gaba da aiki, ruwa bai sake ɗaukewa ba, kuma wannan ya ishi mai hankali hujja. Amma har muka tashi daga wurin, ban sake danna maɓallin nan ba sai na leƙa gabas tukuna. In da hadari, ba na dannawa, ƙarya nake rubutawa.