Wai Mutum Ya Yi Barci Jiya?

Ni ɗan fari ne, don haka na girma Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a ƙauyenmu Mabai har yabon mace ake yi idan ta iya ta. In tuwo ya sauka sai ta ɗaga murya ta ce wa ƙanwata, "A ce ma wancan ya zo ya ɗauka," alhali wancan ɗin yana zaune dab da murhu, hayaƙi na shigar masa ido.

Shekarar da na gama sakandare a Ƙanƙara abin ya same ni. Ban faɗi jarrabawa ba, ba kuma wata yarinya ce ta ƙi ni ba, ko da yake da hakan ne da mutanen gari sun fi jin daɗi, don sun fi son ciwo mai labari. Kawai komai ne ya daina yi mini daɗi. Ƙwallon da nake shan duka a kansa na daina zuwa. Abinci ya koma mini kamar dusa. In farka da safe da nauyi a ƙirji, in ga tashi daga tabarma ya fi huɗar gona wuya. Ina kuka ba a yi mutuwa ba.

Baba ya fara da cewa lalaci ne. Da ya ga malalacin ko cin abinci ba ya yi, sai aka koma kan iska. Na sha rubutu har na ƙoshi, an yi mini hayaƙi har awakin gida suka fara atishawa. Ban raina addu'a ba, har gobe ina neman ta, amma nauyin bai ɗaga ba. Daga ƙarshe aka yarda a kai ni asibiti Katsina. Lokacin kaka ne, Baba ba zai bar masara a gona ba, sai rakiyar ta faɗa kan mutum ɗaya tak a duniya da ba ta iya tambayata ko ina jin ƙishi.

Likitar mace ce, mai yawan tambaya. Da ta gama ta ce ciwon damuwa ne, yana kama matasa, kuma ana warkewa. Ta ce magani iri biyu ne. Akwai ƙwayar da zan riƙa sha kullum, wadda sai an yi makonni kafin a ga aikinta, tana iya tayar da zuciya da farko, kuma ba a yanke ta don an ji sauƙi sai da saninta. Akwai kuma zama da mai ba da shawara, wanda zai koya mini kama tunanina idan yana shara mini ƙarya. To mai shawara yana Katsina, hanyarmu kuwa ba wadda ake bi kowane mako don a je hira ba ce. Don haka ta ce tsakanin zuwa da zuwa, a samu wani a gida ya riƙa zama da ni kullum, ya tambaye ni, ya saurara. A makonnin farko kuma lallai a tambaye ni ƙarara ko ina tunanin cutar da kaina. Ta kalli Inna.

Inna ta kalli ƙasa ta ce, "Likita, ɗan hwari ne hwa."

"Na gane, Inna," in ji likita. "Amma ke kika kawo shi, ke zan ba aikin."

Da muka dawo Baba ya ji sunan ciwon, dariya ya yi, irin ta takaici. "Damuwa? Daga nan har Faskari da Sabuwa wa ye bai da damuwa? Mutane sun bar gonakinsu sabili da ɓarayin daji, shi kaɗai aka ga ya cancanci magani?" Da ya ji kalmar ƙwaya kuwa sai ya riƙe baki. "Mun kai yaro a raba shi da ciwo, an maido mana ɗan ƙwaya da izinin likita." Ya gama faɗansa tas, amma shi ne kullum da safe kafin ya saɓa fartanya zai leƙo ya ce, "An sha abin nan?"

Saura aikin Inna. Kwanaki tana kewaya ni ta kasa farawa, ni kuma na riga na yafe mata a raina. Ran nan bayan la'asar ta zo da faifan gyaɗa ta zauna kusa da tabarmata, ta juya mini baya, ta fuskanci rumbu. Tana ɓare gyaɗa sai na ji ta ce wa rumbun, "Wai mutum ya yi barci jiya?"

Na waiga in ga da wa take. Babu kowa.

"Mutum bai yi ba," na ce.

"Mi ya hana mutum?"

"Tunani."

"To, tunanin mi?"

Haka aka buɗe asibiti a tsakar gidanmu. Ilimin da likita ta yi shekaru tana karantawa sai ya bi ta rumbu kafin ya iso wurina. Abin mamaki, mutum ɗin nan ya fi ni baki. Abin da ba zan iya cewa ni ne ba, shi yana faɗa ba ko gargada: yana ganin kansa kaya ne a wuyan iyayensa, yana jin kunyar sa'o'insa da suka wuce makaranta ta gaba. Mai shawara ya ce in riƙa yin ƙaramin aiki ko ba na so, Inna ta mayar da shi, "Da mutum zai ba tumaki ruwa, da ya kyauta." Na tashi ina jin haushinta na ba su.

Tambayar nan guda da likita ta ce a yi mini ƙarara ce ta gagare ta. Ni kuma lokacin na fi buƙatarta, don jikina ya fara samun ƙarfi amma zuciyata tana nan cikin duhu, kuma ina tsoron kaina. Sai ta zo bakin maganar ta kauce, ta koma zancen tsadar taki. Wani yammaci dai gyaɗar ta ƙare, ba ta tashi ba.

"Likita ta ce a tambaya," ta ce wa rumbu. "Wai mutum ya gaji da duniya?"

"Ya gaji."

"Shina tunanin ya yi ma kanshi wani abu?"

Ni ma na kalli rumbun. Sannan na ce, "Shina yi."

Ta ajiye faifan. Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni a ido, hawaye na zuba ba ta ko share ba.

"Kai," ta ce. "Da kai nike. Gobe da sahe mu koma wurin likita, ni da kai. Daga yanzu kuma ba ka zama kai ɗai, ka ji ni ko?"

Na ce na ji. Na yi kuka sosai, kuma a karon farko na san abin da nake wa kuka.

Likita ta sake duba maganin, ta matso da ranakun zuwa, na ɗauki watanni kafin na ji ɗanɗanon tuwo ya dawo daidai. Amma abin da na fi tunawa shi ne tafiyar da muka yi washegari. A mota Inna ta riƙe wuyan hannuna tun daga tasha, fuskarta na kallon taga, kamar hannun ba nata ba ne. Wata tsohuwa da ke gefenmu ta lura, ta ce, "Baiwar Allah, ƙanenki ne ba lahiya?"

Na san amsar da ta saba bayarwa, ɗan mutanen gidanmu ne, har na sunkuyar da kai ina jiran ta.

"Ɗana ne," in ji Inna. "Na hwari."