Ranar da Na Fitar da Mai Takaba Daga Ɗaki

Cikin duk gidajen makokin da na shiga a shekarar korona, akwai guda ɗaya a Gyadi-Gyadi da har gobe bai fita daga raina ba. Tunda kun matsa sai na ba ku labari, to ku ajiye wayoyin nan naku, don ba na son ina magana ana latse-latse.

A lokacin ina jami'ar lafiyar al'umma. An ɗebo mu daga ƙananan asibitoci aka haɗa mu tawaga guda, aka ba mu wani ɗan ofis a Tarauni. Aikinmu ƙidaya ne. Kowane mako muna haɗa abu uku: waɗanda gwaji ya tabbatar sun kamu, waɗanda aka kwantar a asibiti, da waɗanda suka rasu. Ranar Litinin kafin azahar dole rahoton ya tafi sama, domin da shi ake duba inda za a ƙara gadaje da inda za a tura iskar oksijin. Biyun farko ba wuya, asibitoci ne ke ba mu. Na ukun shi ne ciwon kai. Kun dai san yadda muke a garin nan, mutum ya cika da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, ba likitan da ya gan shi. Sai mai unguwa ya kira ya ce an yi rasuwa a gida kaza, mu kuma mu je mu yi ta'aziyya, mu lallaɓa mu tambayi yadda ciwon ya fara. Ya yi tari? Ya yi zazzaɓi? Numfashi ya yi masa wuya? Daga amsar da aka ba mu ake sa mamaci cikin waɗanda ake zargin cutar ce ta kashe su, ko a bar shi.

Aiki ne na shan zagi, wallahi. An ce da mu aka haɗa baki aka ƙirƙiro cutar. Wata tsohuwa a Daurawa ta taɓa bi na da tsintsiya har bakin titi. Ni kuwa Allah ya yi ni zuciyata a kusa take, amma a gidan makoki dole na koyi haɗiye magana, in tsuguna in ce Allah ya jiƙan rai, in yi tambayata in fita.

Ranar da nake ba ku labari Litinin ce, cikin azumi, ga dokar kulle, ga zafin nan da ko inuwa ba ta raga wa mutum. Gida ɗaya ya rage mini in rufe rahoton makon. Mamacin wani dattijo ne tela, Malam Ado. 'Ya'yansa maza duk suna kudu, an rufe hanyoyi, ko jana'izar ba su samu ba. Ƙaninsa Alhaji Garba, mai kantin kayan masarufi a jikin gidan, shi ne ke riƙe da komai. An hana zaman makoki a lokacin, amma ai kun san hali, sai aka kwashe tabarmi daga ƙofar gida aka mayar soro. Na wuce maza da sallama, ana bin takunkumin fuskata da harara, na shige ciki.

Matar mamacin, Inna Mairo, tana ƙuryar ɗaki a jingine da bango, an lulluɓe ta da mayafi, mata sun cika ɗakin har bakin ƙofa. Tun kafin in zauna wata maƙwabciyarta ta fara yi mini yabonta. Wai tun da aka yi rasuwar, baiwar Allahn nan ko ɗaga murya ba ta yi ba, ba kuka ba kururuwa, ko buɗa-baki sai an matsa mata take kurɓar kunu. Kowa a ɗakin ya gyaɗa kai, ana cewa ai haka ake son mai takaba, ta natsu, ta kama kanta. Ni ma na ce masha Allah, na yi mata gaisuwa, na fara tambayata.

Ta amsa mini, amma a gutsure. Ta faɗi kalma biyu ta huta, ta ƙara biyu ta huta. Malam ya yi tari, ta huta. Ya ce ba ya jin ƙamshin abinci, ta huta. Na daina rubutu na zuba mata ido. Duk numfashin da za ta ja sai kafaɗunta sun ɗaga ƙarƙashin mayafin. Na ce mata ya jikinki, na kama hannunta, ta cikin safar hannu ma na ji zafin jikinta. Sai na ciro 'yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar da ke cikin jini. Matsalar da muke samu da matan Kano ita ce ƙunshi, lalle yakan rikita na'urar. Mai takaba kuwa ba ta ƙunshi, farcenta fes yake, don haka ba ni da damar cewa na'urar ce ta yi ƙarya. Na sake gwadawa a ɗaya hannun. Abin da ta nuna ya yi ƙasa ƙwarai da matakin da ake kwantar da mutum a asibiti.

Natsuwar da ake ta yaba mata ashe numfashi ne babu. Na ce wa matan su ragu, su fita tsakar gida, su buɗe taga, kuma a kira mini Alhaji Garba.

Ya zo ya tsaya a bakin soro, ko kallona bai yi ba. Na gaya masa a tsanake cewa matar wansa tana buƙatar asibiti yau, ba gobe ba, in ba haka ba zai yi wuya ta kai ƙarshen mako. Ya ce baƙin ciki ne da zafi da azumi, za a jiƙa mata magani. Na ce ba baƙin ciki ba ne. Sai ya haɗe rai ya ce mace mai takaba ba ta taka ƙofar gida sai ta cika wata huɗu da kwana goma, kuma shi ba zai bari a keta haddin ɗan'uwansa tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ya ƙara da cewa na zo tambaya, an amsa mini, in kama hanya.

Ina nan tsaye sai ga wayar Oga, likitan da ke shugabantar tawagarmu. Ba mugu ba ne, shi ma daga sama ake matsa masa. Ya ce ni kaɗai ake jira. Na faɗa masa abin da na tarar. Ya ce in miƙa sunanta ga masu kula da marasa lafiya, kamar yadda tsari ya ce, in dawo in rufe rahoto, aikina ƙidaya ne. Gaskiyarsa, haka tsarin yake. Amma na san layin wayarsu a makon sai ka yini kana kira ba a ɗauka ba, kuma ko sun zo, Alhaji Garba a ƙofa zai mayar da su.

Na ce, “Yallaɓai, in na tafi yanzu, Litinin mai zuwa nan zan dawo in tambayi yadda ciwonta ya fara. Ba zan tafi ba.”

Ya ce zan amsa takardar tuhuma. Na ce a rubuta, ina zuwa in karɓa.

Daga nan na yi abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Na gyara mayafina, na shiga soron nan da maza ke zaune, ban raɓa gefe na wuce ba, na tsuguna a gaban limamin unguwar. Wani ya ce wannan wace irin mara kunya ce. Ban ko waiwaye shi ba. Na ɗaga murya yadda na bayan ma zai ji.

“Allah ya gafarta Malam, fatawa nake nema. Mace tana takaba, numfashinta yana ɗaukewa, maganinta yana asibiti. A kai ta, ko a bar ta ta mutu a ɗaki?”

Liman dattijo ne mai sanyin magana. Ya dubi Alhaji Garba, ya dube ni, ya tambaya ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ya ce lalura ce, mai takaba tana fita don neman magani, in ta warke ta dawo ɗakinta ta ci gaba, kuma wanda ya hana ta alhali yana da ikon kai ta, shi zai amsa tambaya gobe kiyama. Ya ce ta ma sha ruwa yanzu, ta rama azumin daga baya.

Na ɗauka Alhaji Garba zai yi faɗa. Sai na ga ya zauna daɓas a kan tabarma, idanunsa sun kawo ruwa. A nan ne ya faɗi abin da ke cikinsa. Ya ce shi abin da yake ji, duk wanda aka kai wajen killacewa ba a ƙara ganinsa, in ya mutu baƙi ne za su binne shi. Wansa dai ya mutu a hannunsa, shi ya yi masa wanka. Me zai ce wa yaran nan in suka dawo suka tarar ya miƙa uwarsu ga mutanen da ko fuskarsu ba a gani? Ban da haka, motar asibiti na tsayawa a ƙofar nan, ba wanda zai ƙara sayen ko ashana a kantinsa. Gaskiya ya ba ni tausayi, fushin da nake yi da shi ya ragu, amma ban sassauta ba. Na ce masa ba zan yi masa alkawarin za ta rayu ba, rai na Allah ne. Abin da zan iya shi ne kullum in kira shi in gaya masa halin da take ciki, mai daɗi ko mara daɗi. Na kuma ce a bar ita mai ciwon ta zaɓa, tunda ba yarinya ba ce.

Muka shiga tare, shi ya tsaya daga ƙofa. Na durƙusa na ce, “Inna, Malam Liman ya ce ya halatta ki je asibiti, takabarki ba ta ɓaci ba. Za ki je?”

Ta daɗe tana tara numfashi kafin ta ce, “'Yar nan, miƙo mini takalmina.”

Ban bi ta layin da ba a ɗauka ba. Na kira Sista Ngozi, ƙawata tun makarantar koyon aikin lafiya, haifaffiyar Kano ce, Hausarta ta fi ta wasunku. Tana ɓangaren karɓar marasa lafiya a lokacin. Ta ce in riƙe waya, na ji tana ta faɗa da wani, can ta dawo ta ce an sami gado, mota na tafe. Abu ɗaya na yarje wa Alhaji Garba, na roƙi direba kada ya kunna jiniya. Bai kunna ba, amma me za a ɓoye? Mutum biyu cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa suka ɗauko ta a kujera, duk lungun ana leƙe ta katanga.

Na isa ofis bayan la'asar. Rahoton ya makara, takardar tuhumata tana kan tebur tana jirana. Na ƙara Malam Ado cikin mamatan da ake zargi, na ƙara Inna Mairo cikin waɗanda aka kwantar, na tura. A amsar tuhumar na rubuta abin da ya faru daki-daki, ban ba da haƙuri ba, don ban ga laifin da na yi ba. Tana nan cikin fayil ɗina har na yi ritaya, kuma ina kyautata zaton ita ta jinkirta mini ƙarin girma. Oho dai.

Gwaji ya tabbatar cutar ce. Aka bi mutanen gidan da masu zaman makoki ana auna su, kuma abin da Alhaji Garba ya ji tsoro ya faru, kantinsa ya yi watanni ba ciniki. Na cika alkawari, kullum sai na kira shi, yakan ce to ya kashe waya. Har yau in muka haɗu a bakin titin Gyadi-Gyadi ba ya amsa gaisuwata, ni kuma ban fasa gaishe shi ba. Ita kuwa Inna ta sha wuya, an daɗe ana ba ta oksijin, akwai ranar da Sista Ngozi ta ce in yi ta addu'a kawai. Allah ya tashi kafaɗunta, ta koma ɗakinta ta ƙarasa takabarta.

Bayan ta fita takaba, sai ga ta a ofishinmu da ƙafarta, da kwanon waina na sadaka. Muka zauna a benci. Na tambaye ta, tunda ta san ba ta da lafiya, me ya hana ta faɗa? Ta yi murmushi ta ce, “Wa zan gaya wa? Duk wanda ya shigo haƙuri yake ba ni. Ina buɗe baki in ce ƙirjina, sai a ce daure Mairo, duk mai rai mamaci ne. Ba wanda ya ce da ni ya jikinki sai ke.”

Sai hawaye ya zubo mini.

To ku da za ku gaje mu, ga abin da na koya. In an aike ku ƙidayar matattu, ku ƙidaya da gaskiya, don da wannan lissafin ake raba magani. Amma gidan da cuta ta ɗauki mutum ɗaya, yawanci ta bar wani a kwance, kuma mutanenmu suna da kunya da kawaici, sai su mutu ba su ce wayyo ba. Kada ku fita daga gidan makoki sai kun dubi masu rai ɗaya bayan ɗaya kun tambaye su jikinsu. In Oga ya kira, ya jira.