Bokitina da Hasken Leza

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, wasu ma da gangan. Amma abin da na yi wa wani ɗalibi a Samaru yana nan daram.

Shara nake yi a ɗakin gwaje-gwajen jami'a. Ban yi boko ba. Kafin nan alewa nake dafawa ina kaiwa kasuwar Sabon Gari, da ita na reni 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijina.

Shi ɗalibin ruwan roba yake haɗawa da jan rini, ya ɗura a siraran kwalabe, ya tura murhun lantarki su daskare. Sandar da ta fito ake sa wa na'urar leza ta harba haske. Nasa hasken kamar tocila mai mataccen batir. Saura wata guda mai jarrabawa ya zo, in babu haske babu digiri.

Na ɗaga sanda ɗaya na duba. Duk kumfa.

"Ɗana, wutarka ta yi yawa."

"Mama, nan ba kicin ba ne. Ki dai share ƙasa."

To. Da ya sake ɗurawa ya fita cin abinci, na zare kwalba ɗaya, na tsoma a bokitin ruwa, na kulle a ɗakin tsintsiya. Bazara ce, rufin kwano, ruwan kullum da ɗumi. Ya dawo yana cigiya, na ce, "Ni ƙasa nake kallo."

Bayan kwana tara na mayar da ita teburinsa. Garau, ko ɗigon kumfa babu. Ya gwada, haske ya fito har Farfesan da ke duba aikinsa ya baro ofis. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Madalla. Yi mini biyar irinta."

Nan ido ya raina fata. Ya sauya rini, ya sauya kwalba, ya ƙara wuta. Kumfa. Ni kuwa ina share gefen takalminsa ina 'yar waƙar coci. Kwana uku na bar shi. Da yanzu ne, ɗaya zan bar shi. Ko biyu.

Rana ta huɗu ya same ni a ɗakin tsintsiya, ya durƙusa har ƙasa.

"Mama, ina kwana. Ina kika kai kwalbar nan?"

"Kicin."

Ya sunkuyar da kai. Na miƙa masa bokitin. "Ruwa mai ɗumi, duhu, kada ka motsa ta. Alewa ma in ka matsa mata wuta iska take haɗiya."

Biyar ɗin suka fito garau, ya ci jarrabawa. An karanta mini littafin digirinsa, ya raɗa wa bokitina wani dogon suna da Turanci. Bai dawo mini da bokitin ba.

Tun daga nan ban ƙara gardama da wanda ya raina ni ba. Aiki nake ajiye masa a gabansa, in ja bakina in yi shiru, da ƙafarsa zai zo. Kuma ban ƙara ara wa ɗan boko bokiti ba.