Sassaƙen Marke da Sallamar Surukina

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don karatuna firamare ne, kuma ina tsoron surukina ya gani. Amma ban taɓa mantawa da ranar da aka aike ni Maruta ba.

Ni ƙaramin ma'aikaci ne a ƙarƙashin Dakta Rabi, mai binciken itatuwan magani a Birnin Kudu. Nakan ɗebo ganye ko sassaƙe, in shanya a inuwa, in daka, in auna a sikeli. Ita kuma ta jiƙa garin, ta sa a na'ura, ta ga yawan sinadarin da ke ciki.

A Maruta, Baba Ilu mai magani ya saro mini sassaƙen marke, ya zuba a buhu, ya ce, "Malam Idi, kada ka yi wa kowa magana har ka sauke shi. Ka buɗe baki, maganin ya gudu."

Na tambaye shi, "Ko da sallama ce?"

Ya ce, "Ka ga, ka soma."

A hanyar dawowa, a tashar Gwaram, sai ga surukina, Alhaji Sale. Ya yi mini sallama. Na durƙusa, na rungume buhu, na yi shiru. Ya maimaita. Na ƙara ƙanƙame buhun.

Ya ce, "Idi, aikin gwamnatin ne ya kai ka haka? Ni na ba ka 'ya, ba buhun nan ba."

Na daure. Sai ƙurar buhun ta shige mini hanci. Na yi atishawa, na ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi.

Alhaji ya ce, "Yarhamukallah. Ashe bakin yana aiki." Ya juya ya tafi.

Ga suruki ya yi fushi, ga magani wataƙila ya gudu. A ofis na faɗa wa Dakta komai, na roƙe ta in rubuta a jikin buhun cewa an yi atishawa a kansa. Ta yi dariya har ta zauna. Da sassaƙen ya bushe ta auna shi, ta gwada da wanda ta saro da kanta tana hira a waya. Kusan ɗaya suke.

Na kai wa Baba Ilu labari, ya ce, "Na'urar tata ciwon ciki take yi? To ina ta san magani?"

Na kai wa Alhaji takardar sakamakon don ban haƙuri. Ya juya ta, ya ce, "Wato a banza ka ƙi amsa mini."

Abin da na koya shi ne, a aikin nan Dakta na da na'ura, Baba Ilu na da ka'ida, mai ɗaukar buhu ne ba shi da kowa. Wata mai zuwa za a sake aike ni. Don Allah, duk wanda ya sani ya sanar da ni: atishawa magana ce? Kuma akwai hanyar Maruta da ba ta bi ta tashar Gwaram ba?