Takalmin Ƙarfen da Iya ta Adana Mini

An cire mini filastar ƙafar hagu a makon jiya. Shi ya sa kuka ji ni shiru tun ƙarshen damina. Wannan ce tiyata ta biyu da aka yi wa ƙafar. Ta farko ina yaro aka yi ta, ban kuma taɓa ba da labarinta a nan ba.

A Dandamisa aka haife ni, bayan doguwar naƙuda. Iya, mahaifiyata, ta ce ban yi kuka da wuri ba. Na makara wajen zama, na makara wajen tafiya. Da na fara, tafin ƙafafuna a shimfiɗe suke, babu ramin tsakiya, dunduniya ta karkace waje. Da gefen ciki nake takawa, har wurin ya yi kanta.

A gida an ce shan inna ne. A wani asibiti a Zariya likita ya ce a'a, ƙwaƙwalwa ce ta rasa iska lokacin haihuwa, shi ya sa jijiyoyin ƙafa suka sanƙare. Wannan ba ya warkewa, amma ƙafar ana iya miƙe ta.

Zamanin soja ne, ana tsuke bakin aljihu. Asibiti babu komai sai gado da likita. Filasta, auduga, allura, duk Baba ya sayo a waje. Ya sayar da rakensa na fadama tun yana tsaye.

An ƙara wa agara, jijiyar bayan dunduniya, tsawo, an ɗebo ɗan ƙashi daga ƙwauri an tokare ƙasan idon sawu, ƙafa biyu. Ban tuna zafi sosai ba. Ƙaiƙayin cikin filasta na fi tunawa.

Da aka cire, aka ba ni takalmi mai ƙarfe a gefe. Likita ya ce kullum yana ƙafata, sai in zan kwanta.

Muka koma gida. A garinmu yaro ba ya wuce manya da takalmi. A cire a ƙofar zaure, a cire a masallaci, a cire a ɗaki. Nawa da igiya da maɗauri, cirewa aiki ne. Ranar da na durƙusa gaban yayan Baba da shi, sai ya ce, “Sannu ɗan Bature. Yau da takalmi ake gaishe mu?”

Aka yi dariya. Iya ba ta yi ba.

Ta goge shi, ta naɗe a zane, ta sa a akwati. Ta san kuɗin da ya ci. Ranar komawa asibiti kawai ake fito da shi, in sa a mota, in cire in mun dawo.

A zuwa na uku likita ya lura hagun ta fara kwanciya. Ya karɓi takalmin ya juya ƙasansa, ya daɗe yana kallo.

“Malam, takalmin nan bai san ƙasa ba,” ya ce wa Baba.

Iya ce ta amsa. “Likita, in ya cinye ba mu da na wani.”

Bai yi faɗa ba. Ya ce daga yau a bar shi ya cinye. Ƙafar dama ta tsira, hagun ta riga ta goce. Haka na yi makaranta da ita, haka na yi aikin jarida, har ciwo ya hana ni hawa bene bara. Wannan karon haɗe ƙasusuwan aka yi da ƙusa.

Mutane na tambaya ko ina jin haushi. Na duba ban samu ba. Iya ta rasu tana ganin ta adana mini abu mai daraja.

Na gode wa Allah, da matata da ta yi jinyata, da ku da kuka yi ta cigiya.

In an yi wa ɗanku irin wannan aikin, aikin bai ƙare a ɗakin tiyata ba. Ku tambayi likita yaushe ake cire takalmin, ku kuma gaya wa manyan gida da bakinku tun kafin yaro ya durƙusa gabansu.

An ɗauki hoton ƙafar ranar Talata. Likita ya ce in ƙashin ya haɗe zan ajiye sanda. Bai ga hoton ba tukuna.