Baƙin Inna Biyu a Cikin Gilashi

Wata rana wata mata mai suna Rahinatu ta dawo gida da wani ƙaton akwatin gilashi. Sai da maza biyu suka kama kafin aka hau bene da shi, aka girke shi a falo.

Mahaifiyarta, Inna Kulu, tana zaune a kan darduma tana jan carbi. Ta dubi akwatin, ta dubi 'yarta.

"Wannan fa?"

"Kifi za mu kiwata, Inna. Kifin teku."

"Na ci?"

"Na kallo."

Inna ta ci gaba da jan carbinta. "Allah Ya kyauta."

Ga yadda abin ya samo asali.

Inna Kulu mutuniyar Yawuri ce. Shekara arba'in da wani abu tukunyarta ba ta sauka daga murhu ba. 'Ya'ya, 'ya'yan dangi, baƙin maigida, masunta da suka kawo kaya kasuwa, kowa ya san inda zai samu tuwo da zafinsa.

Da maigidan ya rasu, gida ya watse. Hawan jini ya sa ta a gaba. Sai Rahinatu, 'yarta ta fari, ta ɗauko ta zuwa Abuja.

Rahinatu ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a wani asibiti. Mijinta yana aiki a Fatakwal, yaranta biyu suna jami'a. Mace ce mai tsari, komai nata da lokacinsa. Ranar Lahadi take girkin mako guda, ta zuba a robobi, ta jera a firij.

Inna ta doshi kicin, sai ta ji: "Inna, ki huta."

Ta ɗauki tsintsiya: "Inna, ki huta."

Wata huɗu tana hutawa, har ta fara ramewa. Rannan ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "In an yi Sallah zan koma gida."

Gidan da babu kowa. Babu mai tuna mata magani, babu mai jin motsinta in ta faɗi.

Wannan magana ita ta hana Rahinatu sukuni. Ta karanta cewa kallon kifi yana kwantar da hankali. Ta ce a ranta, mutumin da ya girma a bakin kogi, wataƙila ruwa yake kewa.

Sai dai kifin teku ba tarwada ba ne da za a jefa a baho a manta da ita.

Mai shagon da ta sayi kayan ta ja mata kunne: ba a zuba gishirin girki, akwai nasa gishirin na musamman. Ba a ɗibar ruwan famfo kai tsaye, sai tatacce. Kuma in ruwa ya ragu saboda zafi, ruwa zalla ake ƙarawa, don gishiri ba ya bin iska.

Rahinatu ta bi komai dalla-dalla. Ta dama gishiri, ta auna. Ta shimfiɗa farin yashi, ta jera duwatsu masu ramuka. Ta haɗa injin da ke juya ruwa da batirin sola, kada a ɗauke wuta ya tsaya.

Sannan ta zauna jira.

Mako shida babu kifi ko ɗaya. Dole sai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sun hayayyafa a jikin duwatsun, su ne za su riƙa cinye ƙazantar kifin. In aka yi gaggawa, ruwan da kansa zai zama guba.

Duk baƙuwar da ta zo gaishe da Inna sai ta leƙa akwatin ta tambaya ina kifin.

Inna takan ce, "Babu. 'Yar nan ruwa take kiwo."

Haka take kiranta, 'yar nan. Kunyar ɗan fari ba ta taɓa barin ta faɗi sunanta ba.

Ranar da mako shida suka cika, Rahinatu ta shigo da leda mai ruwa. Kifi biyu a ciki, kowanne bai wuce babban yatsa ba, launin lemo da ratsin fari.

Inna ta matso da kujera. Ta daɗe tana kallo.

"Ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba," in ji ta. Amma ba ta tashi daga wurin ba sai da aka kira la'asar.

Kafin kwana uku ta raɗa musu suna. Babban, mai korar ɗan'uwansa daga bakin dutse, shi ne Alhaji. Ƙaramin kuma Hajiya.

Rahinatu ta ce ai a irin wannan kifin, babbar ita ce macen.

Inna ta fashe da dariya. "To. Ashe har a ruwa haka abin yake."

Ranar ce Rahinatu ta fara jin dariyar mahaifiyarta tun bayan rasuwa. Ta ce a ranta, dabara ta yi.

Doka ɗaya ta kafa: kada kowa ya taɓa akwatin. Ita za ta ba su abinci da safe kafin ta fita, ɗan abin da yatsu biyu suka tsinka, shi ke nan.

Bayan mako biyu ruwa ya fara dishi-dishi.

Rahinatu ta ɗebi kaɗan a kwalba, ta ɗiga maganin gwaji. Ya kamata ya tsaya rawaya. Sai ya koma kore.

Ta canza wani ɓangare na ruwan. Bayan kwana biyu, kore.

Ta wanke soson tacewa. Ta sake auna gishiri. Ta buɗe littafin da take rubuta gwajin kowace rana, ta bi shi layi-layi, ba ta ga inda ta kauce ba.

Ta kira mai shago. Matar ta ce, "Abinci ya yi yawa."

"Ni kaɗai nake ba su, kuma a aune."

"To, ban sani ba. Amma ruwa ba ya ƙarya."

Rannan da safe ƙaramin kifin ya kwanta a kan yashi, yana numfashi da kyar. Rahinatu ta fita aiki zuciyarta a dagule. In kifin nan suka mutu, abu ɗaya da ya sa Inna dariya ya tafi, ga Sallah saura mako uku.

Ta kai rabin hanya ta tuna ta bar katin shiga ofis a kan tebur. Ta juyo.

Ta buɗe ƙofa a hankali.

Inna tana tsaye a kan 'yar kujera, ta ɗaga murfin akwatin. A hannunta akwai ƙullin leda. Tana marmasa wani abu a ruwa, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Taso mana, ɗan ƙarami. Daure ka ci ko kaɗan ne. Ciwo ba ya son yunwa."

Ƙuli-ƙuli ne. Ta daka shi lukui, har ta tankaɗe.

Rahinatu ta ji maganganu sun taru a bakinta. Mako shida na jira. Gwaji safe da yamma. Ta haɗiye su duka, ta ajiye jaka.

"Inna, me ya sa?"

Inna ba ta juyo ba.

"A gidan nan su kaɗai ne in sun ga hannuna suke tahowa."



Rahinatu ta dubi hannun. Hannun da ya ciyar da ita, ya ciyar da rabin unguwa. Wata shida ke nan tana riƙe shi tana cewa ya huta.

Ta kira ofis ta nemi izinin rana ɗaya.

Ta taimaka wa Inna ta sauko, ta zaunar da ita, ta yi mata bayani a tsanake: cikin kifin nan bai fi ƙwayar idonsa girma ba. Abin da bai ci ba ruɓewa yake, ya ɓata ruwan da yake shaƙa.

Inna ta dafe ƙirji. "Ni ce na sa masa ciwon?"

"Ni ce, Inna. Da na koya miki tun farko."

Tare suka yi aikin ranar. Inna ta riƙe tiyo, Rahinatu tana zuƙe dattin da ya kwanta a yashi. Inna ta dama sabon ruwan gishiri a bokiti da muciya, ta ce injin 'yar nan ba ya kai ƙasa.

Kwana uku suna canza ruwa kaɗan-kaɗan. A na huɗu ƙaramin ya tashi daga yashi, ya koma tsokanar babbar.

Rahinatu ta sayo ɗan akwatin nan na zuba magani, mai gida bakwai. Ta sa abincin kifi na kowace rana a gidansa, ta danƙa wa Inna.

"Daga yau ke ce mai ba su. Abin da ke gida ɗaya, na rana ɗaya."

Inna ta leƙa ciki ta taɓe baki. "Wannan ai rowa ce." Amma ta ɗaure shi a gefen zaninta.

Rahinatu ba ta tsaya nan ba. Da yamma ta kwashe robobin firij ta ba maƙwabta, ta tsaya a bakin kicin.

"Inna, na yi kewar miyar kukarki."

"Da daddawar nan ta leda? Aika a nemo mini ta kirki."

Tun daga ranar, Rahinatu ba ta ƙara cin abincin rana a tsaye a ofis ba. Da kwano take fita, kuma in ta dawo da saura sai ta yi bayani.

Sallah ta zo ta wuce.

Kwana biyu bayanta ƙanin Rahinatu, da ya je hutun Sallah Yawuri, ya kira, yana tambaya yaushe zai turo mota. Rahinatu ta miƙa wa Inna wayar, ta tsaya tana sauraro.

"Wace mota?" in ji Inna. "In na tafi wa zai ba su abinci? 'Yar nan ba ta san lokacin cin kowa ba, har nata. Ka bari tukuna."

Ta miƙa wayar, ta koma kicin, don ta bar tukunya a wuta.

Darasi:

Iyayenmu ba hutu kaɗai suke buƙata ba. Wanda ya shafe rayuwarsa yana bayarwa, in ka karɓe komai daga hannunsa, ka raba shi da abin da yake tashi dominsa da safe. Ka rage musu nauyi, amma ka bar musu wani abu da za su ce nasu ne, ka kuma nuna musu yadda za su yi shi ba tare da cutarwa ba. Ƙauna ma tana son ma'auni, ta uwa da ta 'ya duka.

Idan akwai tsohuwa ko tsoho a gidanku, yau ku roƙe su wani abu da suka iya. Ku kuma tura wannan ga ɗan'uwan da kullum yake cewa "ki huta", da kyakkyawar niyya.